ZAUREN IYALI: Fita Daga Kurkuku Daban, Wanke Suna Daban

A wannan fitowa za mu ɗauko wani zance da gidaje da yawa a New Bell da Congo da Kassalafam da Youpwé suke fama da shi a ɓoye, domin kunya takan hana a faɗe shi a bainar jama'a. Zancen kuwa shi ne makomar ɗanmu ko ƙanenmu da ya taɓa faɗawa hannun hukuma, kotu ta ɗaure shi, ya cika wa'adinsa ya dawo gida. Ranar fitowarsa akan yi murna, a yi sadaka, a ɗauka magana ta ƙare. Sai ran da ya je neman aiki a tashar jiragen ruwa, ko zai shiga jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, ko yana neman bizar fita waje, a ce ya kawo takardar kotu da ake kira bulletin n°3, wadda ba ta wuce wata 3 da fitarwa ba. A nan ne tsohon laifi yakan sake tsayawa a gabansa, ko da ya shekara 10 bai saɓa wa kowa ba.

Abin da muke so iyalai su sani shi ne, dokar Kamaru ta tanadi hanyar share wannan tabo. Sunanta da Faransanci réhabilitation, mu kuwa za mu kira ta wanke suna. Hanyar tana nan a rubuce, amma kaɗan ne daga cikin mutanenmu suke bin ta, saboda ba su san da ita ba, ko kuma sun zubar da takardun da za su buɗe musu ƙofa.

Kundin da ke bin mutum

Duk hukuncin da kotu ta yanke a kan babban laifi ko matsakaici yakan shiga wani kundi mai suna casier judiciaire. Dokar tsarin shari'ar laifuka ta 27 ga Yulin 2005, wadda ta fara aiki a farkon 2007, ta ce ana ajiye kundin a ofishin magatakardan kotun farko ta yankin da aka haifi mutum, sannan akwai babban kundi a Ma'aikatar Shari'a a Yawunde, wanda ya ƙunshi har da waɗanda aka haifa a wajen ƙasa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin a cikinmu akwai haifaffun Garwa da Marwa da Ngaundere, akwai kuma na Kano da Maraɗi. Mutum yana iya shekara 30 a Duwala, alhali kundinsa yana can inda aka yanke cibiyarsa.

Takardu iri 3 ake cirowa daga kundin. Ta ɗaya da ta biyu na alƙalai ne da wasu hukumomin gwamnati. Ta uku ita ce ake ba mai ita hannu da hannu, kuma abin da take nunawa shi ne hukuncin ɗauri da ba a riga an share ba. Ya kamata a lura cewa tsarewa kafin shari'a ba hukunci ba ce. Gidan yarin New Bell, wanda aka gina tun zamanin mulkin mallaka domin mutum wajen 800, ya daɗe yana ɗauke da dubbai, kuma da yawansu jiran shari'a suke yi. Wanda aka tsare sannan kotu ta sallame shi ba tare da ta same shi da laifi ba, takardarsa fara ce. Kada tsoro ya hana shi zuwa ya karɓe ta.

Afuwa ba ta share rubutu

Kuskuren da ya fi yawa a tsakaninmu shi ne ɗaukar afuwar shugaban ƙasa a matsayin wanke suna. Mazauna Duwala ba su manta da ƙarshen Fabrairun 2008 ba, lokacin da yajin aikin direbobi kan farashin mai ya rikiɗe ya zama tarzoma. An kama mutum fiye da 1,500 a faɗin ƙasa, mafi yawansu matasa, aka yi musu shari'a cikin gaggawa. A ranar 20 ga Mayun 2008 Shugaba Paul Biya ya sa hannu a kan dokar rage musu hukunci, da yawa suka koma gida. Haka kuma a ranar 15 ga Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an sake rage wa fursunoni wa'adi. Irin wannan afuwa, wadda ake kira grâce, tana yafe zaman da ya rage ne kawai. Hukuncin kansa yana nan a kundi. Abin da ke share shi gaba ɗaya shi ne amnistie, wadda sai majalisar dokoki ta kafa mata doka, ko kuma wanke suna, wanda shi ne ke hannun talaka.

Hanya ta farko: cikar wa'adi

Kundin dokokin laifuka, wanda aka sabunta a ranar 12 ga Yulin 2016, ya ce sunan mutum yana wankuwa da kansa idan ya ɗauki wasu shekaru ba a sake ɗaure shi ba. Wanda tara kawai aka ci shi, shekara 5. Wanda aka yanke wa ɗauri sau ɗaya da bai wuce wata 6 ba, shekara 10. Wanda nasa bai wuce shekara 2 ba, shekara 15. Wanda nasa bai wuce shekara 5 ba, shekara 20. Lissafin yana farawa daga ranar da hukunci ya ƙare ko aka biya tara, kuma zaman da aka yafe ana ɗaukarsa kamar an yi shi.

Mu auna wannan da matasan 2008. Wanda aka yanke wa wata 6 ya fita a shekarar, wa'adinsa ya cika tun 2018. Wanda aka yanke wa abin da bai wuce shekara 2 ba, afuwa ta fito da shi a shekarar, nasa ya cika a 2023, muddin bai sake komawa ba. Waɗannan yaran yau magidanta ne masu iyali. Wataƙila wani yana nan yana dakon kifi a kasuwar Youpwé, ko yana tuƙa babur, ya haƙura da neman aikin albashi saboda wani rubutu da doka ta riga ta ba shi ikon a goge. Sai dai a sani, magatakarda ba ya bin mutum gida ya yi masa albishir. Wanda wa'adinsa ya cika ya je ya nemi takardarsa ya duba da idonsa. In ya tarar hukuncin yana nan, ya rubuta wa mai gabatar da ƙara na gwamnati, wato Procureur de la République, ya nemi a gyara.

Hanya ta biyu: roƙon kotu

Shekara 15 ko 20 ba kwana kaɗan ba ne ga matashin da ke son aure da sana'a. Shi ya sa doka ta buɗe hanya ta biyu, wadda ta fi gajarta. Wanda aka hukunta a kan matsakaicin laifi, wato délit, yana iya roƙon kotu ta wanke sunansa bayan shekara 3 da fitowa. Wanda nasa babban laifi ne, wato crime, bayan shekara 5. Yakan rubuta buƙatarsa ga Procureur na inda yake zaune, ya faɗi ranar da aka yanke masa hukunci da duk wuraren da ya zauna tun fitowarsa. Daga nan a binciki halinsa, a miƙa batun ga Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ta jiharmu ta Littoral take Bonanjo. Ita ce za ta amince ko ta ƙi.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne biyan haƙƙi. Sai mai roƙo ya nuna ya biya tara da kuɗin kotu da diyyar da aka yanke wa wanda ya cuta, ko kuma ya nuna an yafe masa. A nan dokar ƙasa ta haɗu da abin da malamanmu suke karantarwa a kan tuba, cewa bayan barin laifi da nadama da niyyar rashin komawa, in akwai haƙƙin wani sai an mayar masa ko ya yafe. Dangin da suka iya haɗa kuɗin biki da na suna, za su iya haɗa kuɗin sauke wannan nauyi. In wanda aka cuta ya yafe, a roƙe shi ya rubuta, a sa hannu a gaban shaidu, domin kotu da takarda take aiki.

Wanke suna yana share hukuncin daga takarda ta uku, yana kuma mayar wa mutum da 'yancin da hukuncin ya hana shi, kamar shiga rajistar zaɓe. Amma ba ya mayar da shi kai tsaye kan muƙamin gwamnati da ya rasa, kuma ba ya kashe bashin da wanda aka cuta yake bin sa. Doka ta kuma ba matar mamaci da iyayensa da 'ya'yansa damar nema masa wanke suna bayan rasuwarsa, abin da ke nuna mai doka ya gane cewa sunan uba gado ne da 'ya'ya ke ɗauka.

Aikin da ke kan iyali

Yawancin waɗanda suke kasa bin wannan hanya, takarda ce take kayar da su. Mutum ya fito cikin ɗacin rai, ya yayyaga duk abin da ke tuna masa da gidan yari, bayan shekara 5 a nemi shaidar ranar fitowarsa babu. Don haka muna kira ga iyaye mata musamman, tunda su ne masu ajiya, su adana takardar sallama daga gidan yari, da kwafin hukuncin kotu, da rasiɗin kowane kuɗi da aka biya, a haɗa su da takardar haihuwa a wuri ɗaya. Wanda ba shi da takardar haihuwa ya fara da neman jugement supplétif, domin da ita ake gano kundinsa. A kuma tabbata sunan da ke kan hukuncin ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa, saboda suna ɗaya kamar Muhammadu ana rubuta shi iri-iri a ofisoshin ƙasar nan. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi taimakon shari'a na kyauta, wanda dokar 14 ga Afrilun 2009 ta tanada wa marasa ƙarfi.

Muna kuma gargaɗi a kan 'yan kamasho da ke yawo a bakin kotuna suna alkawarin fito da farar takarda cikin kwana ɗaya. Takardar jabu sabon laifi ce. Ranar da asiri ya tonu, mai ita zai koma inda ya fito, shekarun da ya yi yana haƙuri su tafi a banza, lissafi ya koma farko.

Daga ƙarshe, binciken da ake yi a kan halin mai roƙo a unguwarsa ake yin sa. Ke nan makwabta da mai unguwa da ubangidan sana'a duk suna da hannu a cikin amsar da kotu za ta bayar. Idan muka ƙi ba shi aikin shago, muka hana shi 'yarmu, muka ci gaba da kiransa da sunan laifinsa, me zai nuna wa alƙali bayan shekara 3? Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mai kwale-kwale a Youpwé da ya ɗauki irin wannan yaro aiki, da ɗan kasuwar da ya ba shi kaya ya sayar, ya kuma yarda ya rubuta masa shaidar riƙon amana, sun taimaka masa da abin da lauya ba zai iya ba shi ba. Duk gidan da ke da irin wannan ɗa, a zauna da shi cikin sirri da mutunci, a ƙirga shekarun, a nemo takardun, a fara bin hanyar tun yanzu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.