Wa ya kafa, wa ke jagora, kuɗin wa ne?

A daminar 2024 hukumomin Nijar sun ƙirga sama da mutum 300 da ambaliya ta kashe, ta kuma shafi sama da miliyan ɗaya. Mu 'yan Adar mun san yadda abin yake zuwa. Ruwa ya sauka bisa duwatsun Kaita da Buza, cikin awa guda ƙorama ta ciko, ta yanke hanya, ta zubar da gidajen ƙasa. Kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso, samarin unguwa ne cikin ruwa da igiya. Haka in mota ta kife bisa gudurun da ta ratsa Madawa, 'yan kabu-kabu da masu shayi ke fara ɗaukar mutane.

Daga irin wanga hali ne fada ke rikiɗewa ta zama ƙungiyar agaji. A buɗe gurup a WhatsApp, a ɗinka riguna iri ɗaya, a laƙaba suna. Madalla da haka. Sai dai da zarar wani ya tambayi wa ya kafa ƙungiyar, wa ya naɗa shugaba, daga ina kuɗin riguna suka fito, sai a ce ɗan hassada ne. To, mu dai muna ganin wanda ya yi tambayar nan masoyi ne. Jarin ɗan agaji yarda ce. Mace ba ta miƙa maka ɗanta cikin ruwa sai ta yarda da kai, ɗan kasuwa ba ya ba ka jika goma ta sayen mai sai ya san inda za ta.

Mu duba ƙungiyar agaji da kowa ya sani a ƙasar nan, Croix-Rouge ta Nijar. An kafa ta a 1963, shekara uku bayan samun 'yancin kai, aka amince da ita cikin dangin Croix-Rouge na duniya a 1965. Asalin dangin a rubuce yake: wani ɗan Suwizalan, Henry Dunant, ya ga dubban sojoji yashe cikin jini bayan yaƙin Solferino a 1859, ya tara matan ƙauye suka yi jinyarsu, daga nan aka kafa kwamitin Janeba a 1863. Alamar da wasu ke ƙyama a ƙauyukanmu tutar Suwizalan ce aka juya launinta, ƙasashen Musulmi da dama kuma jinjirin wata suke sawa a madadinta. Ƙa'idojinta bakwai ne, cikinsu har da aikin sa kai, rashin ɗaukar ɓangare, da cin gashin kai. Ƙungiyar tana da rassa a jihohi takwas, har da Tawa, kuma mambobi ne ke zaɓen shugabanni. Saboda haka ta ga mulkin farar hula, ta ga na soja, tana nan.

Duk da haka, mutum nawa cikinmu suka san bambancinta da CICR? A watan Fabrairun 2025 gwamnati ta umarci CICR, wato kwamitin nan na Janeba, ya rufe ofisoshinsa. Daga baya aka zarge shi da hulɗa da 'yan bindiga, shi kuma ya musanta. Croix-Rouge ta Nijar daban take, ta 'yan ƙasa ce. Amma ga wanda bai san asali ba, alama ɗaya ce, riga ɗaya ce, kuma ɗan agajin ƙauye da bai taɓa taka Yamai ba shi ke shan kallon zargi.

A Siriya abin ya fi haka muni. Masu fararen hulunan kwano teloli ne, masu gidan burodi, malaman lakwal, waɗanda a lokacin yaƙin suka riƙa tono mutane daga ƙarƙashin gine-ginen da bam ya rusa. Wanda ya taimaka wajen horar da su tun 2013 tsohon hafsan sojan Birtaniya ne, James Le Mesurier, kuɗi kuma a lokacin suna zuwa ne daga Birtaniya da Amurka da wasu ƙasashen Turai. Gwamnatin Assad da Rasha suka kama wanga zare suka yi ta ja, har wasu suka daina ganin yaran da aka ceto, suna ganin hannun baƙi kawai. Le Mesurier ya mutu a Istanbul a Nuwamban 2019 ana cikin tambayoyi kan kuɗin gidauniyarsa. Binciken da aka yi daga baya bai samu shaidar sata ba, amma ɓatancin ya riga ya zagaye duniya.

A gida kuma muna da darasin Samariya. Tun kaka da kakanni akwai sarkin samari, akwai gayya. Bayan juyin mulkin 1974 Seyni Kountché ya raya Samariya, aka gina azuzuwa, aka share gari, aka dasa itace. Aiki ya yi kyau, ba mai musu. Amma da shugabancinta ya koma hannun hukuma da jam'iyya ɗaya, sai ta bi mulkin jam'iyya ɗaya zuwa ƙasa lokacin babban taron ƙasa na 1991. Fadar da muke zaune yau a kan kufanta ta tsiro.

Saboda haka ga abin da muke roƙon duk ƙungiyar agaji a Madawa, Buza da Kaita, komai ƙanƙantarta.

A rubuta asali a takarda ɗaya: ranar kafawa, sunayen waɗanda suka kafa, wanda ya ba da kuɗin farko. In ɗan siyasa ne ya sayi riguna, a faɗa tun yanzu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

A zaɓi shugaba da ƙuri'a, a sa masa wa'adi. Wanda ya kafa ƙungiya yana da ladarsa, amma ƙungiya ba gonar gado ba ce. A ba mata kujera ta gaske: da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa a Kaita a 1984, maza sun tafi cin rani, mata ne mafi yawan masu ɗaukar duwatsu.

Ma'aji ya zama daban da shugaba. Duk wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, a sa hoton littafin a gurup.

A nemi horo wajen Croix-Rouge ko 'yan kwana-kwana. Ɗaga wanda ya karye a gadon baya ba tare da sani ba na iya nakasa shi har abada, ko da niyya ta yi kyau.

Kai kuma da ke karanta wanga rubutu, wa ke shugabantar 'yan agajin garinku, yaushe aka zaɓe shi? In ba ka sani ba, je ka tambaya, ka yanki katin zama mamba, ka halarci taro. A yi tambayoyin nan yanzu da rani, ana zaune ana shan shayi, don ranar da ƙorama ta ciko ba mai lokacin amsa su.