Madawa, Buza da Keita: A Fara Mayar Da Zaɓe Daga Ƙananan Hukumomi

Rabon mutanen Madawa, Buza da Keita da zaɓen kansiloli tun ranar 13 ga Disamban 2020. Sakamakon bai ba kowa mamaki ba: PNDS-Tarayya ce ta yi rinjaye a jihar Tawa, mahaifar shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou. Daga nan kansilolin suka zaɓi magadan gari a tsakaninsu.

Sai dai ba su cika wa'adinsu na shekara biyar ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Janar Abdourahamane Tiani ya rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi a madadinsu. Yanzu ƙananan hukumomi 17 na gundumomin uku, daga Bangi zuwa Karofan da Tamaske, babu ko ɗaya da ke hannun zaɓaɓɓe.

Masu goyon bayan matakin suna da hujja. Inda jam'iyya ɗaya ta mamaye majalisa, adawa kan yi rauni, binciken kasafin kuɗi ya zama al'ada kawai. Gwamnatocin farar hula ma ba su mutunta wannan zaɓe ba: daga Janairun 2011 sai da aka kusa shekara goma ba a sake yin sa ba.

Amma maganin kansilan da bai yi aiki ba shi ne a kayar da shi a akwati. Kansila ɗan gari ne, ana haɗuwa da shi a masallaci da wurin suna, ana iya tare shi a tambaye shi ina harajin kasuwa ya shiga. Kantoma kuwa wanda ya naɗa shi yake yi wa bayani. Manomin albasa a kwarin Tarka da ke biyan kuɗin kasuwa, da ɗan ci-rani a Abijan ko Libiya da ke aiko kuɗin gyaran rijiya da ajin makaranta, suna da haƙƙin sanin wa za su tuhuma.

Tunda an rusa jam'iyyu a Maris 2025, ana iya barin 'yan takara su tsaya da sunayensu, garinsu ya auna su da aikinsu. Idan hukumomin Yamai na son a gaskata alƙawarin sake gina ƙasa, su sa ranar zaɓen kansiloli kafin kowane zaɓe.