Babur ɗin Auta: tsakanin Harley, Honda da Royal Enfield

Ranar Juma'ar da ta wuce, ban gama miƙa aikin dare ba Umma ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Ki biyo ta gida ki yi wa ɗan'uwanki magana, zai sayo mana ajalinsa da kuɗinsa." Autanmu take nufi. Shekara uku yana tari, mu duka mun ɗauka kuɗin aure ne, ashe babur yake hari. Kuma ba irin Boxer ko Jincheng da muka saba ba, irin manyan nan masu ruri da ake kira kuruza.

Na tafi da niyyar faɗa. Wanda ya yi aiki a ɗakin haɗari ya san abin da babur ke yi wa jikin ɗan Adam. Sai na tarar da shi ya baje hotuna a waya, ya ce, "Yaya, ki zauna ki gani tukuna, wannan ba babur ɗin tsere ba ne." Na zauna. Kwana uku muka yi muna kai da komo, ni ma na yi nawa karatun, kuma abin da na fahimta ne zan kawo muku, don na san ba gidanmu kaɗai ke da irin wannan Auta ba.

Kuruza babur ne mai tsawo, sirdinsa a ƙasa, mahayi na zaune kamar a kujerar falo, ƙafafunsa a miƙe gaba, hannayensa a buɗe. Na tsere kuwa kwanciya ake yi a kan tankinsa, ƙafafu a baya. An ƙera kuruza don tafiya a natse kan doguwar hanya mai santsi, irin ta Amurka inda aka haife shi. Ku riƙe wannan magana ta santsin hanya, za mu dawo kanta.

Wanda ya tafi da zuciyar Auta shi ne Fat Boy na kamfanin Harley-Davidson, kamfanin da aka kafa a birnin Milwaukee a 1903. Fat Boy ya fito a 1990, shekara ɗaya bayan haka Arnold Schwarzenegger ya hau shi a fim ɗin Terminator 2, kuma a nan Auta ya fara ganinsa yana yaro. Injinsa silinda biyu ne a tsaye kamar harafin V, sababbin sun haura cc 1,800. Ƙarar nan mai kama da bugun ganga tana fitowa ne daga yadda silindojin biyu ba sa tashi a tazara ɗaya. Kamfanin ya taɓa neman a yi masa rajistar mallakar ƙarar a 1994, ya janye a 2000. Na tambayi Auta nauyinsa, ya yi shiru. Ya haura kilo 300. Boxer ɗin da ya koyi tuƙi a kai bai wuce kilo ɗari da 'yan kai ba.

Abokinsa da suke wannan shawara tare gajere ne, shi Honda Rebel 500 ya zaɓa. Ƙarar ba ta dame shi ba, abin da yake so shi ne in ya tsaya a danja tafin ƙafarsa biyu su taka ƙasa sosai. Sirdin Rebel santimita 69 ne daga ƙasa, nauyinsa kusan kilo 190, injinsa cc 471, kuma da ruwa yake hucewa, wato yana da lagireto kamar mota. Wanda ya taɓa maƙalewa a gosulo cikin watan Afrilu zai gane amfanin wannan. Babban inji mai hucewa da iska, in babur ya tsaya cak, zafinsa a cinyar mahayi yake ƙarewa.

Na uku wani dattijo ne a unguwarmu, ɗan fansho, da ke hawa Royal Enfield Meteor 350. Asalin kamfanin na Ingila ne, yanzu a Indiya ake ƙera baburansa, Meteor ɗin kuma ya fito a 2020. Silinda ɗaya ne, cc 349, ba shi da wani gudu na a zo a gani, nauyinsa kusan ɗaya da na Rebel, sirdinsa ya ɗan fi tsawo. Da muka je gaishe shi ya ce wa Auta, "Yaro, ni ba na neman a juyo a kalle ni. Ina neman abin da in ya lalace bakanike zai buɗe ya gane." Ya kuma ce da Hajiyarsa yake tafiya a baya, don haka faɗin sirdin baya da majingina sun fi masa komai.

Ga mutum uku, kowa da abin da ya sa a gaba: ɗaya ƙara da kwarjini, ɗaya tsawon ƙafarsa, ɗaya aljihu da mutumin da yake ɗauka. Babu wanda zan ce ya yi kuskure a son ransa. Akwai ma waɗanda ke tsakiya. Kawasaki Vulcan S, mai cc 649, ana iya matso da matakansa gaba ko baya daidai da tsawon mai shi. Honda na da Rebel 1100 da ke canza giya da kansa, ga wanda matsa kuloci ke gajiyar da hannunsa. Harley da bel yake juya tayar baya, Honda Shadow 750 da sandar ƙarfe a rufe, su Rebel da Meteor da sarƙa, wadda ƙurar hunturu ke sa ta neman wanki da mai a kai a kai, amma ita ce kowane bakanike ya sani.

Yanzu ga inda malamar asibiti ta shigo. Na farko, nauyi. Babur ba sai yana gudu yake karya mutum ba. Ƙafa ta zame a kan yashi a bakin titi, kilo 300 ya kwanta a kan ƙauri, shi ke nan an shiga maganar ɗori ko tiyata da watanni a kwance. Na ce wa Auta, abin da ba za ka iya tayarwa kai kaɗai ba in ya faɗi, bai kamata ya zama na farkonka ba.

Na biyu, wannan zaman na ƙafa a gaba. A kan Boxer in ka hango rami kana ɗan miƙewa kan matakai, gwiwa ta shanye dukan. A kuruza ƙafafu na can gaba, miƙewa ta yi wuya, dukan sai ya haura kai tsaye ta ƙashin baya. Ga cikinsa a ƙasa, yana iya gugar tudun rage gudu. Hanyar da aka ƙera shi dominta daban, wadda za a hau shi a kai daban.

Na uku, wanda ke baya. Ƙunan salansa a sha-raɓa na cikin raunukan da na fi wankewa, mata da yara suka fi zuwa da shi. Sai hijabi ko gefen zani da tayar baya ke fizga. 'Yan'uwana mata, kowane irin babur ne, a tattare tufa a danne kafin a tashi, a kuma sauka ta ɓangaren da babu salansa.

Na huɗu kuma mafi girma, hular kwano. Wani babban nazari da ya tattara bincike da dama a 2008 ya nuna tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 69 cikin ɗari, na mutuwa kuma da kusan kashi 42. Da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta tilasta sa ta a farkon 2009, har da masu kifa ƙwarya a ka, muka yi ta dariya. A ɗakin haɗari ba abin dariya ba ne. Masu kuruza kan so 'yar ƙaramar hular da ke rufe tsakiyar kai kawai, wai ta fi kyau a hoto, alhali haɓa da fuska na cikin wuraren da ke fara dukan kwalta. A nemi mai rufe fuska duka, a ɗaure igiyarta. In kuma kun tarar da wanda ya faɗi, kada a fizge hular daga kansa, kada a ɗaga shi a naɗe, kada a ɗura masa ruwa. A riƙe kai da wuya a miƙe har a kai shi asibiti.

Na koma wurin Umma na ce mata gaskiya: ba zan iya hana namiji ɗan shekara 27 sayen abin da ya tara wa kuɗi da guminsa ba, in muka matsa ma zai saya a ɓoye ne. Abin da muka samu dai shi ne sharuɗɗa. Ya ajiye maganar Fat Boy sai ya shekara biyu a kan wanda bai kai kilo 200 ba. Ya nemi mai birkin ABS, wanda ke hana taya maƙalewa in an taka birki da ƙarfi. Kuɗin hula, safar hannu, jaket da takalmi mai rufe idon sawu a fara cire su kafin kuɗin babur. In ɗan Kwatano zai saya, bakanike ya duba shi, a kuma duba shekarar da aka buga a jikin tayoyin. Babu tafiyar dare a babbar hanya.

Ya amince, ko da yake har jiya yana jujjuyawa tsakanin Rebel da Meteor. Umma ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ce hular ita za ta saya da kuɗinta, don ya riƙa jin nauyinta a duk lokacin da ya so barin ta a gida. Allah Ya tsare mana su a hanya, Ya sa su riƙa dawowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.