Rashin da allura ba ta magani

A gidajen ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zuba jari a kiwo, labarin asara kusan iri ɗaya ne. Tunkiya ta haifi ɗa marar gashi mai kumburi a wuya, bai kwana biyu ba ya mutu. Saniyar madarar da aka saya da tsada ta haihu lafiya, washegari ta kwanta ta kasa tashi. Dokin da ake ji da shi ya soma ɗingishi, fuskarsa ta kumbura. Amsar da ake bayarwa ita ma ɗaya ce: a kira mai allura, a ɗirka maganin kashe ƙwayoyin cuta, idan dabbar ta mutu a ce kwananta ne ya ƙare. Mutumin da ba zai sa hannu a kwangila ba sai ya karanta kowane layi, shi ne yake barin dukiyarsa ta miliyoyi a hannun hasashe. Sau da yawa babu wata ƙwayar cuta a lamarin. Matsalar tana cikin wasu ƙananan halittu biyu da ke wuyan dabbar, kuma abin da suke nema a kwanon abinci yake.

Ta farko ita ce tayirod, wata tsoka mai ɓari biyu da ke manne a gefen maƙogwaro. Aikinta shi ne tsince sinadarin aidin daga jini, ta ƙera saƙonni biyu da ake kira T4 da T3, gwargwadon yawan ƙwayoyin aidin da kowanne yake ɗauke da shi. Waɗannan saƙonni su ke tsara saurin da jiki yake ƙona abinci, da ɗumin jiki, da girman ɗan tayi, da tsirowar gashi, da haihuwa. A 1912 masani Gudernatsch ya ciyar da 'ya'yan kwaɗi masu jela da naman tayirod, sai suka rikiɗa suka zama kwaɗi tun lokacinsu bai yi ba. Ƙarfin wannan halitta ya kai haka.

Idan aidin ya yi ƙaranci, wata halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, takan dinga aiko da umarnin a ƙara aiki. Tayirod ba ta da kayan aikin, sai ta yi ta faɗaɗa. Wannan kumburin shi ne maƙoƙo, kuma yadda yake kama mutum haka yake kama akuya da tunkiya da maraƙi. Uwar tana iya yin kamar lafiyarta ƙalau, ɗan da ke cikinta shi ke biyan bashin: ko a yi ɓari, ko a haife shi matacce, ko ya zo duniya ba shi da ƙarfin kama nono.

Makiyaya sun san dabba tana bukatar gishiri tun kafin a rubuta littafin kimiyya. Shi ya sa ake ba da kanwa, ake sayen gishirin Bilma, ake kora garkuna zuwa Ingal a ƙarshen damina. Sai dai kanwa da gishirin da aka haƙo daga ƙasa ba a ƙara musu aidin ba. Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993, kuma ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba wannan shiri ta haɗa da gishirin da dabbobi suke lasa. A aikace hankali ya tsaya a kan tukunyar miya, an bar garke a baya. Ga kuma abincin da ke tsananta lamarin: ɓawon rogon da ba a shanya shi sosai ba yana rikiɗa a jiki ya zama sinadarin da ke hana tayirod kama aidin, kuma binciken da aka yi a Darfur ya danganta yawan cin gero da maƙoƙo a inda aidin ya riga ya yi ƙaranci.

Halitta ta biyu ita ce faratayirod, 'yan ƙwayoyi ƙanana, galibi huɗu, da ke maƙwabtaka da tayirod. Richard Owen ne ya fara lura da ita a jikin wata karkandar Indiya da ta mutu a gidan namun dajin Landan, sannan Ivar Sandström na Suwidin ya yi cikakken bayaninta a 1880. Aikinta tsaron kalsiyam ne a cikin jini, domin babu tsokar da za ta motsa, har da zuciya, sai da shi. Da zarar ya ragu, faratayirod takan umarci ƙoda ta riƙe kalsiyam ta zubar da fosfaras, ta farkar da bitamin D domin hanji ya ƙara tsotsowa daga abinci, sannan ta ciro sauran daga ƙashi. Jini take karewa, ko da ƙashi zai ƙare.

A nan dusa ta shigo. Dusar alkama tana da fosfaras kusan ninki goma na kalsiyam ɗin da ke cikinta, alhali jikin dabba yana son kalsiyam ya rinjaya, kimanin kashi 2 a kan 1. Dokin da ake cika wa kwano da dusa da hatsi wata da watanni, ba tare da isasshiyar harawa ba, faratayirod ɗinsa ba ta hutawa. Tana yasar ƙasusuwansa har na fuska su yi laushi su kumbura, haƙora su yi girgiɗi, ƙafa ta gaza. Turawa sun san wannan ciwo tun zamanin da masu niƙan alkama ke ciyar da dawakinsu da dusa, har suka laƙaba masa sunan ciwon dusa. Ragon layya da aka turke ana ɗura masa dusa shi kuma tsakuwa ce take toshe masa mafitsara saboda yawan fosfaras, ya mutu ana saura kwanaki kaɗan Sallah. Ƙibar da ake yabo a kasuwa ita ce ta rufe ɓarnar. Kazar ƙwai ma tana cikin wannan lissafi: kowane ɓawon ƙwai yana cin kimanin giram 2 na kalsiyam, idan abinci bai kawo ba daga ƙashinta za a cira, har ta durƙushe a keji.

Wani zai ce ai magani a bayyane yake, a sayi kalsiyam da aidin a yi ta zubawa. Wannan ma wani jahilcin ne sanye da rigar ilimi. Saniyar da aka cika wa kalsiyam a makonnin ƙarshe na ciki, faratayirod ɗinta takan yi sanyi domin ba a bukatarta. Ranar haihuwa nono ya kwashe kalsiyam daga jini farat ɗaya, halittar ba ta shirya ba, saniya ta faɗi cikin kwana uku na farko. Shanun da suka fi ba da madara, irin Firishiyan da ake rububin shigowa da su, su suka fi faɗawa wannan hali. Likitan dabbobi da ya gane ciwon yana sa kalsiyam ta jijiya a hankali, sau da yawa saniyar ta miƙe cikin sa'o'i kaɗan. Haka aidin idan ya wuce kima yana haifar da maƙoƙo a jikin ɗan doki, daidai da yadda ƙarancinsa ke yi. Ma'auni ake bukata, da sanin lokacin da ya dace.

Gaskiya ne ciwon huhu da sammore da yunwar rani suna kashe dabbobi da yawa, kuma rigakafi wajibi ne. Amma waɗancan suna bukatar gwamnati da kasafin kuɗi, wannan kuwa yana hannun mai dabba. Gishirin lasa mai aidin, harawar gyaɗa ko ta wake a gefen dusa, garin farar ƙasa a abincin kaji da na rago bisa ma'aunin da likita ya bayar: kuɗinsu duka bai kai na rago ɗaya da ya mutu ba.

A 2024 Nijeriya ta kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo, kuma zancen da ya fi tashi shi ne na sabon iri da manyan gonaki. Iri mai kyau shi ya fi saurin rushewa a kan abinci marar ma'auni. Ya kamata ma'aikatar ta sa ido a kan gishirin dabbobi kamar yadda ake sa ido a kan na mutane, ta tilasta masu haɗa abincin kiwo su rubuta yawan kalsiyam da fosfaras a jikin buhu, ta horar da malaman dabbobi su tambayi abin da dabba take ci kafin su zaro sirinji. Shi kuma mai jari, idan tunkiyarsa ta sake haifar ɗa mai kumburin wuya, ya kai gawar wurin likita a duba, ya kuma je da samfurin gishirin da uwar take lasa.