Kafa Rumfar Mota Ba Abin Kunya Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, na ga malamai a Nguru da Gashuwa suna cin bashi su sayi mota, sa'an nan su bar ta cikin ranar Afrilu har fenti ya koɗe, taya ta tsage. Wai kafa rumfa aikin lebura ne! Ni ban yarda ba.

Auna motarka, ka ƙara taku biyu kowane gefe. Kafa dirkoki shida, ka gitta azarar giginya, gama gara ba ta cinta. Rufa da zana, don kwano zafi gare shi. Kāre gefen gabas, tunda daga can hadari ke tasowa.

Malamin da ke ƙyamar diga, me zai koya wa yara ran aikin hannu?