Dokin Baure a hawan Daura: wa ke biyan kuɗin harawa?



Duk sanda aka tashi maganar jawo baƙi 'yan yawon buɗe ido zuwa Daura, lissafinmu ba ya wuce Rijiyar Kusugu, fadar Sarki, hawan Sallah da Sallar Gani. Amma daga ina dawakan hawan suke fitowa? Hakimai ne ke shigowa birni da jama'arsu daga Baure, Zango, Mai'adua da Sandamu. Dokin da baƙo ya ɗauki hotonsa cikin minti ɗaya, wani ya shekara yana ba shi harawa da dusa da kanwa. Baduku ya yi masa ado, maƙeri ya ƙera linzami da likkafa. Da an tashi hawa, baƙo ya koma masauki a birni ko ya wuce Kano, kuɗinsa ya bi shi. Mai doki kuwa ya koma ƙauye da gajiya, wani lokacin har da bashi.

Wasu sun riga mu shiga wannan hali. A lardin Fujian na ƙasar Sin, mutanen Hakka suna da manyan gidajen ƙasa da ake kira tulou, inda dangi guda ke zama tare. A 2008 UNESCO ta sa 46 daga cikinsu a jerin kayan tarihin duniya. Baƙi suka yi ta tururuwa, aka sa kuɗin shiga, kamfanoni suka karɓi gudanarwa, masu gidajen suka shiga ƙorafi kan ɗan abin da ake yaga musu.

Tunda UNESCO ta karɓi hawan Kano a 2024, ido zai ƙara dawowa kan hawan masarautunmu. Tun kafin baƙi su yawaita ya kamata a tsara rabo: rumfuna ga dukawa da maƙeran ƙauye a wurin hawa, 'yan rakiyar baƙi daga cikin samarinmu, kuma a zauna da masu dawaki a ji ta bakinsu. Saurayin Baure da ya ga doki ci kawai yake yi, sayar da shi zai yi ya sayi babur, kuma ba za mu ga laifinsa ba.

Mu ma mun cika yabon lifidi da alkyabba a rubutunmu. Kafin hawa mai zuwa, a samu wanda zai zauna da mai doki a Baure, ya tambaye shi nawa yake kashewa daga kaka zuwa bazara, ya rubuto mana.