Hannun bai mutu ba, mu muka bar shi ya ƙage

Wata ɗalibata ta yi kwana goma ba ta zo lakkwal ba. Da na bi sawu gidansu, na tarar da babanta kwance cikin hayaƙin turare, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Wata biyu ke nan da faɗuwarsa a gona, kuma yarinyar ce ke jinya yanzu. Yatsunsa sun dunƙule, gwiwar hannun ta lanƙwashe ta manne da ƙirji. Ƙanensa ya ce mini: "Malam, ka ga yadda iskar ta riƙe hannun? Ba ciwon likita ba ne."

Wannan magana ce nake faɗa da ita, don daga Filinge har Tukunus da Shikal, ko'ina a Kurfai ana faɗinta.

Ba iska ce ta riƙe hannun ba. A cikin lakar da ke ƙashin baya akwai ƙwayoyin jijiya masu ba tsoka umarnin motsi, linzaminsu kuwa yana hannun ƙwaƙwalwa. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke tafiyar da damar jiki, na dama ya tafiyar da hagu. Idan hanyar jini ta toshe ko ta fashe a ɓangare guda, galibi saboda hawan jini, linzamin ya tsinke. Da farko hannu da ƙafa su saki laƙwas. Bayan makonni sai ƙwayoyin lakar su zama kamar dokin da ya kuɓuce: ɗan taɓi kaɗan, su ɗaure tsoka tamau. In an bar gaɓar wuri ɗaya, tsokar ta gajarce, mahaɗar ta ƙage, ko lokotoro ya sha wuyar miƙe ta.

Ku gwada da shan inna. Ita ƙwayoyin lakar take kashewa, shi ya sa ƙafar yaro ke tsotsewa tana lilo. A shanyewar ɓarin jiki kuwa mafi yawansu suna raye. To, don me za mu yi wa mai rai zaman makoki?

Za a ce Yamai da nisa, kilomita wajen 180 ta Baleyara, ga tsadar mota, ga fargabar hanya. Gaskiya ne. Amma awon tansiyo ba ya bukatar Yamai, likitar kusa ma tana yi. Wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 a kai a kai, magani yake bukata. Miƙe yatsu da gwiwa a hankali kullum, juya maras lafiya, zaunar da shi, tsayar da shi in ya iya, duk a gida ake yi, muddin ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake yi. Mafi yawan sauƙin a watanni 3 zuwa 6 na farko ake samunsa, watannin da muke ƙonewa da turare.

Ban hana kowa addu'a ba, ni ma na yi masa. Amma wanda ya ce a yi addu'a bai ce a bar magani ba.

Malamai ƴan uwana, mu koya wa yara alamu uku: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Duk wanda ya gani, a nufi likita nan take. Iyaye kuma ku raba jinyar tsakanin manya, ku maido mini ɗalibata aji.